Bututun Feshin da Ka Bari a Panyu

Dengfeng, Guangzhou.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka sauka lafiya, ka tarar da Innarku da sauƙi, ƙannenka da duk mutanen gungu suna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya raba ka da sharrin gaggawa da na taurin kai. Na gabatar da addu'a ne tun bakina bai ɓaci ba, domin abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne.

Ba zan ba ka labarin gari ba, ka san yadda ka bar mu. 'Yan sanda suna nan suna bin gidajen haya ɗaya bayan ɗaya saboda wasannin Olamfik, biza ta zama abin da ta zama, kai ma abin da ya mayar da kai gida ke nan. Ni in na fita yanzu ba lalle ne su bar ni in dawo ba. Wallahi da ba don haka ba, ba takarda za ka gani ba, ni za ka gani tsaye a bakin ruwan Yawuri.

Alhaji Mamane ɗan Yamai, wanda zai miƙa maka wannan wasiƙa, zai haɗa maka da wani dogon ƙunshi naɗe da kwali. Kwance shi. Ka san abin da ke ciki sarai, ba sai na gabatar muku da juna ba. Bututun feshin ruwa ne na ƙafar jirgin ruwan da muka saya, wanda na ce da bakina a ɗaura, kai kuma ka zagaya bayan idona ka ce a cire.

Ga yadda na sani. Bayan kwantenarmu ta bar tashar jiragen ruwa ta Huangpu, na je Panyu wurin masu ƙera jirgin don in yi wa lawban godiya, wato mai kamfanin. Mun sha shayi, muna ta dariya, sai na tambaye shi, don dai hira ta yi tsawo, ko bututun ya zauna daidai. Ya dube ni ya ce, "Meyo." Na ce meyo kamar yaya, babu me? Ya tashi ya shiga sito ya fito da shi a hannu, ko ledarsa ba a yage ba. Ya ce da guntun Turancinsa, "Ɗanka ya ce ba ya so. Ya ce jirgi a ruwa yake, ruwa kuwa sanyi gare shi. Ya ce in ba shi lasifika da fitilu masu launi a madadinsa." Abba, lasifika! Na zauna a gaban mutumin nan kamar an watsa mini ruwan zafi, na rasa inda zan sa fuskata. Kuma ranar da za ka tafi na tambaye ka ko komai ya kammala, ka dubi tsabar idona ka ce, "Komai lafiya, Baba."

To bari in tuna maka abin da ya sa muka sayi jirgin nan, tunda da alama kiɗa ya mantar da kai. Ba don yawon sallah muka saye shi ba. Innarku tana zaune a gungu, tsakiyar ruwa, da hawan jininta, ta kuma rantse ba za ta koma cikin gari ba ta bar gonar shinkafarta da kushewar iyayenta. Bara da ta faɗi, a kwale-kwalen katako aka ɗauko ta, injin yana tari, rana tana dukanta, kafin a kai asibiti bakinta ya fara karkacewa. Likita ya ce in aka sake yin irin wannan jinkirin kada a zargi kowa. Shi ya sa na ce a nemo jirgi mai gudu. Fasinjan ranar kasuwa da za ka riƙa ɗauka don kuɗin mai ne kawai. Aikin jirgin nan na gaskiya rana ɗaya ce, ranar da za ka ɗauko uwarka a kwance ka taka shi har ƙarshe ba tsayawa. Kuma irin wannan gudun ne yake kashe ƙafar da ba ta da feshi.

Na san abin da ka faɗa wa kanka, domin ni ma na taɓa faɗa wa kaina. Mu 'yan ruwa ne, a kwale-kwale aka yaye mu. Injin da muka sani shi ne na ratayawa a baya, kuma tun muna yara aka koya mana abu guda: duba fitsarin inji. In ka ga siririn ruwan nan yana tsartuwa ta gefe, to inji yana shan ruwa, ka kwantar da hankalinka. Wannan ilimin gaskiya ne, amma na wancan injin ne. Wannan jirgin injinsa a ciki yake kamar na mota, ƙafar ce kaɗai a waje, ita ke ɗauke da farfela. In jirgi yana tafiya a hankali ƙafar duk tana cikin ruwa. Da zarar ka ba shi wuta ya ɗaga ƙirji ya hau saman ruwa, farfela ce kawai take nutse, kan ƙafar yana sama a iska, rana tana gasa shi, haƙoran giya suna ta cin juna a ciki. Agogon zafin da ke gabanka na inji ne, bai san abin da ƙafa take ciki ba. Zai nuna maka lafiya lau har lokacin da man giya zai dahu.

Bututun nan da ka raina ba shi da famfo, ba shi da waya, ba ya shan mai. Bakinsa na ƙasa yana zaune kusa da farfela, gudun jirgin ne yake cusa masa ruwa, ruwan ya hau ya zubo a kan ƙafar ta sama. Iyakar aikinsa ke nan. Kamar dai yadda Innarku take jiƙa buhu ta lulluɓe randa da rana.

Yanzu saurari yadda ubanka ya koyi wannan, tunda kai ba ka koyo sai an ba ka labarin wautar wani.

Jirgi na farko da na taɓa fitarwa daga ƙasar nan na wani Alhaji ne a Gaya ta bakin kogin Kwara, kana makarantar kwana a lokacin. Wannan lawban ɗin dai ya nuna mini bututun, na yi dariya na ce a Kwara aka haife ni, ba Basine ne zai koya mini ruwa ba. Da jirgin ya iso Yawuri na ce ni da kaina zan kai wa mai shi, don a gan ni. Ruwa ya cika, hanya a buɗe, na taka shi son raina, ina duba agogo yana ce mini lafiya. Mun yi nisa sai na fara jin ƙauri kamar an bar man ƙosai a wuta. Na ce ƙila daga ƙauyen da muka wuce ne. Can sai ƙara ta taso daga baya, irin ta injin niƙa in tsakuwa ta faɗa masa. Na sassauta, igiyar ruwan da ke bin mu ta zo ta doki kan ƙafar, sai ga tururi ya tashi, cuuu. Daga nan inji yana kuka, farfela ba ta juyawa. Ruwa ya ɗauke mu yana mayar da mu inda muka fito, ni da babbar rigata. Wasu masunta ne suka ɗaure mu a bayan kwale-kwalensu suka ja mu gaɓa, suna tambayata ko jirgin Sin ɗin azumi yake yi. Alhajin bai zage ni ba, ya dai ce, "Malam Garba, ashe kai ma sabon shiga ne." Har yau bai sake sayen ko allura ta hannuna ba.

A ranar ni ne da girman kaina a cikin jirgin, girman kan ne kaɗai ya nutse. Kai abin da za ka ɗauka ba ya jiran masunta. Saboda haka ga umarni, ba shawara ba: kafin jirgin nan ya taɓa ruwa, kafin ka ɗaura ko fitila ɗaya, ka ɗaura bututun nan. Kuma daga yau in kana gudu, hancinka da kunnenka su fi agogo daraja a wurinka. Ka ji ƙauri, sassauta. Kada ka tsaya neman ƙauyen da za ka ɗora wa laifi.

Wauta ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin na yi ta ne ina ganin na yi hankali. Jirgin da na kai bayan wannan na sa an ɗaura masa bututun. Amma da na tsaya na dube shi a kan tudu, sai na ga bakin ƙasan ya yi tsawo, na ce wannan zai riƙa kama tarun mutane, kuma ka san rigimar masunci a kan tarunsa. Na kira mai walda a Yelwa na ce ya rage shi kaɗan. Ya rage, ya goge, ya yi kyau ƙwarai. Abin da ban lissafa ba, in jirgi ya hau gudu ana ɗan ɗaga ƙafar sama don ya ƙara sauri, bakin da na gajarta sai ya fita daga ruwa yana shan iska. Bututu yana nan yana ƙyalli, ko ɗigo ba ya fitarwa. Allah ne Ya taimake ni na lura da wani farin gari-gari da ya fara kwanciya a kan ƙafar kamar kanwa, fenti kuma yana ɓarewa. Wannan farin shi ne shaidar ruwa yana taɓa ƙarfe yana ƙonewa nan take. Da na ƙara mako guda da na sake neman masunta.

To kai na san ka. Za ka dube shi ka ce ya yi tsawo, ko ya karkace, ko bai dace da kyan jirgi ba. Kada ka yanke, kada ka lanƙwasa, kada ka bar wani mai walda ya gwada maka basirarsa a kai. Yadda ya zo haka za a ɗaura shi, a ramukan da lawban ya riga ya yi wa alama da jan fenti a faifan da ke saman farfela. In an gama, ka ba wani sitiyari, ya taka jirgin sosai, kai kuma ka koma baya ka durƙusa ka leƙa da idonka. Ruwa za ka gani yana malala a kan ƙafar ta ko'ina. Ka sa ya ɗaga ƙafar yadda kake ɗagawa in kana sauri, ka sake leƙawa. In ruwan ya yanke, ba ka gama aiki ba.

Ta uku gajeriya ce. Na gyara bututu, na ga ruwa, sai na manta da shi kamar yadda mutum yake manta da haƙorin da ba ya ciwo. Ruwanmu ba irin na nan ba ne. Namu akwai kainuwa, akwai yashi, akwai ledar da mutane suke zubarwa a mashaya. Wata rana na ɗora hannu a kan ƙafar bayan tafiya na janye da sauri, na duba bakin bututun na tarar saiwar kainuwa ta toshe shi tam. Tun daga ranar nake ajiye wayar spok ɗin keke a jirgi. Kai ma ka nemi ɗaya ka ɗaure ta kusa da sitiyari. Kullum kafin ka tashi ka zura ta a bakin, in kuma ka ratsa ta cikin ciyawa ka waiwaya ka tabbatar ruwa bai tsaya ba. In ka iso gaɓa ka taɓa kan ƙafar. In hannunka ya iya zama a kai, lafiya. Kuma kada ka ɗauka feshi yana maye gurbin mai. Ka riƙa duba man giya, ka shinshina shi. In ya yi baƙi yana ƙauri, ko ya koma fari kamar kunu, juye shi ka zuba sabo ko da jiya ka zuba.

Akwai ta huɗu, kuma ita ce ta hana ni cin abinci ranar da na dawo daga Panyu. Ni na kawo ka kasuwar tufafi ta Baima kana saurayi, na zagaya da kai shago-shago ina koya maka ciniki. Ni na ce maka duk abin da lawban ya ƙara a kan abin da ka tambaya, cire shi, domin a nan yake ɓoye ribarsa. Ƙarin maɓalli, cire. Kwali mai hoto, cire. Ranar da ka sa wata mai shago ta sauke leda da lakabi daga farashin riguna har ta ce ka fi ubanka wuya, na yi ta ba da labarinka a gidan abincin 'yan Ghana kamar ka ci jarrabawa. Ban taɓa zaunar da kai na ce maka wannan dokar ta tufa ce ba. Riga in ba ta da ƙarin maɓalli ba wanda zai mutu. Na koya maka yanka, ban koya maka inda ake tsayar da wuƙa ba, wannan nawa ne na ɗauka.

Amma kada ka yi saurin jin daɗi, domin sauran naka ne. Kai ba yaro ba ne, gemunka ya fi nawa cika. Da ka zo ka ce, "Baba, wannan ƙarfen na mene ne?" da na zaunar da kai na ba ka labarin Gaya tun a nan, ko da kuwa ba na son tuna shi. Ba ka tambaya ba. Ka ga tsoho ya sa a ɗaura abu, ka yanke hukunci cewa an yaudari tsoho, ka gyara masa kuskure a ɓoye, ka karɓi lasifika. Wannan ba wayo ba ne, raini ne. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da lawban bai zama mai riƙon amana ba, da ya bar bututun a sito ya ce mini an ɗaura, ni ina nan ina barci da daɗi ina cewa na yi wa matata tanadi. In ka ga babba ya yi abin da ba ka gane ba, ka tambaye shi a gabansa, ka yi masa gardama ma in kana so, na fi son haka sau dubu. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a ce mini komai lafiya alhali an cire wani abu.

Lasifikar kuwa ka san yadda za ka yi da ita. Mai kiɗa a kunne ba ya jin kukan giya. In ka ga dama ka ba masallacin gungu, su suna da abin yi da ita.

Yanzu bari in faɗa maka abin da na yi jiya, don kada ka ji shi a bakin wani. Da zuciya ta ci ni, na ce tunda ɗana ya zagaye ni, ni ma zan zagaye shi. Na kira wayar maƙwabcinmu na gungu, na sa aka kai wa Innarku har kan tudun da ake samun sabis. Na yi mata bayanin komai dalla-dalla, mace da ba ta san bambancin injin jirgi da na markaɗe ba. Na ce mata in jirgi ya iso, ta sa a zagaya da shi a gabanta tukuna, ta dubi bayansa. In ta ga ruwa yana zuba a kan baƙin ƙarfen nan, ta shiga. In ba ta gani ba, ko kai ka durƙusa kana roƙonta kada ta sa ƙafa, ta nemi kwale-kwalen katako, gara jinkiri da tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Na ce ta yi mini alkawari.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, ka san halinta. Sannan ta ce, "Malam, na ji. Amma in Abba ne a sitiyari, zan shiga."

Na ce ba ki fahimce ni ba ne. Ta ce ta fahimta sarai, ƙarfe yana zafi, ruwa yana sanyaya shi, ba wani abu ne mai wuya ba. Na ɗaga murya har mai shagon wayar da ke ƙasanmu ya leƙo. Na ce ina magana ne a kan ranki. Ta ce, "To ai shi ya sa. In na tsaya a bakin ruwa gaban mutanen gungu ina binciken jirgin ɗana kamar ban yarda da shi ba, da wane ido zai sake kallon jama'a? Ba zan yi masa haka ba. Kuma ranar da za a ɗauke ni ɗin, Malam, kana tsammani zan iya ɗaga kai in duba wani ƙarfe? Kai kana Sin. Shi ne a nan."

Tana rufe baki kuɗin wayar suka ƙare.

To ka ji inda muka tsaya. Na yi niyyar in rufe wasiƙar nan da barazana, na ma tanadi kalmomin. Amma da me zan yi maka barazana? Jirgi yana teku ya nufo ka, ni ina nan an ƙulle ni da biza, ita kuma ta riga ta gaya mini za ta shiga ko da feshi ko babu. Ba mai duba bayan jirgin nan sai kai. Har yanzu ina fushi da kai, kada ka yi zaton ya huce, kuma ban san ranar da zai huce ba. Amma ban taɓa roƙonka komai ba tunda aka haife ka, yau ina roƙonka. Don girman Allah, Abba, ka ɗaura shi.

Allah Ya kai kwantena lafiya, Ya sa jirgin ya tsufa yana ɗaukar 'yan kasuwa kawai, ranar da muke tsoro kada ta zo. In kuma ta zo, Allah Ya sa hannunka ya tsaya, Ya buɗe maka ruwa, Ya kai ku gaɓa ku biyu da rai. Ka gaishe da ƙannenka. Ka gaishe da Innarku, ka ce mata ban ji daɗin maganarta ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba